Ashirin da Uku ga Watan Sama

Babana, Khuyen, ya fi kowa a ƙauyenmu sanin ranar da za a yi ruwa. Ɓarɓashin ƙarfen da ke cinyarsa ne ke gaya masa. Tun yaƙin kan iyaka yake ɗauke da shi, amma a takardar sallamarsa daga soja an rubuta: "Ciwon ƙafa, ba a san sanadi ba."

Layin nan ɗaya shi ya hana shi sakat shekara talatin da ɗoriya. Duk shekara sai ya wanke tsohuwar rigarsa ta soja, ya hau keke zuwa ofishin tsofaffin sojoji na gunduma, ya faɗi ranar da aka harbe shi: ashirin da uku ga wata na sha biyu. Su kuma su buɗe littafin rundunarsa su nuna masa cewa a ranar suna sansani suna haƙa rijiya, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Ya dawo, ya jingine keken, ya ƙi cin abinci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar tunawa da waɗanda suka ji rauni. Shugabannin ƙauye su bi gida-gida da furanni da ganyen shayi, su wuce ƙofarmu kamar ba kowa a ciki. A bakin kasuwa kuwa an daɗe da yanke hukunci, wai daga motar shinkafa ya faɗo. Masu faɗin haka ko ƙarar bindiga ba su taɓa ji ba, sai a talabijin.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, abokinsa na runduna, Baffa Lam, ya zo dubiya daga lardin da ke maƙwabtaka da mu. Ya zauna a bakin gado, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai Khuyen, har yanzu kana nan? Na ɗauka zan tarar an riga an ci shinkafar makokinka."

"Ina zan je in bar ka? Wa zai riƙa tuna wa mutane gudun da ka yi?"

"Gudun da na yi da kai a bayana, marar godiya. Kana ta kuka kamar ɗan akuya."

Ina zuba musu shayi. Baffa Lam ya juyo gare ni, ya ce, "Thoan, 'yata, ubanki ya taɓa ba ki labarin kifinsa? Da safen ranar da aka harbe shi ya tada mana hankali, wai ranar sallamar abin bautar da ke tsaron murhu ce, dole a saki kifi a ruwa kamar yadda ake yi a gida. Ina za a samu kifi mai rai a daji? Sai ya ɗauko busasshe daga jakarsa, ya jefa a rafi, ya ce masa ya yi haƙuri, ya yi iya ƙoƙarinsa."

Suka yi ta dariya har Baba ya sarƙe da tari. Ni kuwa butar ta kusa suɓuce mini. Ranar sakin kifi ai da lissafin wata muke yin ta, ashirin da uku ga wata na sha biyu, mako guda kafin sabuwar shekararmu. Littafin soja kuma da kalandar gwamnati ake cika shi.

Na ce, "Baba, ashirin da uku ɗin da kake faɗa musu, ta wane wata ce?"

"Wane irin wane wata? Wata ai ɗaya ne, ga shi can a sama."

Na fita bayan gida na yi kuka. Na ji haushin ofishin da ba wanda ya taɓa tambayar manomi da wane lissafi yake ƙirga kwanansa, na ji haushin kaina fiye da nasu, don sau nawa na ji ranar nan a bakinsa.

Washegari na samo tsohuwar kalanda wurin mai duba ranakun biki. Ranar Baba ta faɗa ne a Janairu na shekarar da ta biyo, kusan wata guda bayan wadda suke dubawa. Na garzaya ofishin, matar da ke wurin ta buɗe shafukan littafin rundunarsa har ta kai ranar. An yi faɗa a mashigar kogi, mutum bakwai sun ji rauni, na biyar sunan babana. Ta ce cikin sanyin murya, "Yaya, za a gyara. Amma sai takarda ta je lardi ta dawo."

Na gaya wa Baba. Ya lumshe ido ya ce, "To, in ta zo ki karanta mini da ƙarfi, yadda 'yan kasuwa za su ji." Kullum da rana in ya ji ƙarar babur sai ya tambaya ko mai kawo wasiƙa ne.

Ya rasu kwana goma sha ɗaya kafin ta iso.

Ranar cikar kwana arba'in da tara da rasuwarsa, na tsaya a ƙofar gida, inda masu furanni suke wucewa, na karanta ta da ƙarfi yadda ya ce. Muryata ta karye a kan "rauni a fagen fama", sai Baffa Lam ya karɓa ya ƙarasa. Daga nan na ɗauko kwafinta don in ƙona masa tare da rigunan takarda, yadda muke aika wa mamatanmu kaya.

Har na ƙyasta ashana sai na ga ranar Janairu ce kawai a jiki. Baba ba zai gane ta ba, zai ce sun sake yin kuskure. Na nemo biro, na rubuta a ƙasanta: ashirin da uku ga watan sama, ranar da ka saki kifi. Sannan na sa mata wuta.