Ruwan Inabi a Firjin Na'imatu

Zafin watan Afrilu a Mubi ba ya barin abu da ɗanɗanonsa. Miya ta kwana ta yi tsami, kunu ya wuni ya kumbura, balle kwalbar jan ruwan inabi da aka riga aka buɗe. Wannan kwalbar ce ta hana Vandi sukuni.

Shi ne katikis, wato mai kula da wani ɗan coci a hanyar Maiha, inda Fada, babban limaminsu, ba ya zuwa sai bayan mako biyu. Kwalba guda ake ba su don Jibin Ubangiji, ibadar da ake cin gurasa a kurɓi ruwan inabi, a tsiyayi kaɗan, sauran kuma Vandi ya kawo gida Sabon Layi ya adana. Ta baya a kabad ya sa ta, bakinta toshe da leda. Da Fada ya shinshina sai ya yamutsa fuska, ranar ba a yi Jibi ba, tsofaffin da suka sauko daga kan dutse tun da sassafe suka koma haka nan. Vandi ya ji kunya har ƙasan ransa.

"Iska da zafi ne ke kashe shi," in ji Fada da ya miƙa masa sabuwa. "Ka juye a ƙaramin gora, ka cika har wuya, ka ɗaure murfi, ka sa a wurin sanyi."

Faɗa da baki ba wuya. Gora ya samu, irin ta ruwan sha, ya wanke ta tas ya cika. To sanyin fa? Shi ba firji ba, wuta kuma sai ta ga dama take leƙo layinsu. Firji ɗaya ne ke aiki dare da rana, na Na'imatu, matar maƙwabcinsa Hayatu dillalin shanu, mai sayar da zoɓo da ƙanƙara da wutar sola. Shekara ashirin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidajen, kuma a shekarar da rikici ya sa aka gudu daga gari, Hayatu ne ya loda iyalin Vandi a bayan motar shanu.

"Ka binne a yashi, ƙarƙashin randa," in ji matarsa Rachael. "Ko ka gaya mata gaskiya."

Vandi ya ce yashi ba zai kai mako biyu ba. Ya ɗauki gora ya yi sallama a gidan maƙwabta.

"Maman Ridwan, a taimake ni da ajiya. Zafi zai ɓata min abu."

"Mene ne, Baban Divine? Zoɓon wata ka sayo, nawa bai maka ba?" Ta faɗa tana dariya.

"Ruwan inabi ne."

Bai yi ƙarya ba, haka suke kiransa a coci, haka yake a rubuce a Littafi. Sai dai ya san sarai abin da kunnenta zai ji, wato ruwan 'ya'yan itace irin na kanti, ba giya ba. Ya sani, ya kuma bar ta a haka. Ta karɓa ta cusa can ƙasa tsakanin gorunan zoɓo, ya fito yana yaba wa kansa dabara.

Ranar Asabar, jajiberin zuwan Fada, ya koma karɓa. Na'imatu ta fito da gorar a hannun dama, kwalin lemon inabi sabo fil a hagu, fuskarta cike da neman gafara.

"Ka yi haƙuri, na taɓa maka ajiya. Ka san Baba kwana shida ba ya cin komai. Jiya ya ce yana son abu mai sanyi wanda ba zoɓo ba, sai na tuna da naka, na zuba masa rabin kofi. Ya ce akwai ɗaci, kamar ya fara lalacewa, amma ya shanye. Ya ma yi barci mai daɗi bayan nan. Ga wannan na saya maka."

Baba Jibrilla ke nan, mahaifin Hayatu, dattijon da ko tabarmarsa ba ta rabuwa da carbi. Vandi ya karɓi gora, ya karɓi kwali, har godiya ya yi, bakinsa na aiki shi kaɗai.

A gida ya zauna a kan turmi ya yi tagumi. Rachael ta dubi gorar da ta ragu, ta dube shi. Zai iya yin gum. Babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai sani. Gobe ne dai zai tsaya a gaban jama'a ya riƙe wa Fada wannan gorar, jibi kuma ya shiga gaishe da tsoho, ya tambaye shi jiki. Ya auna ya ga ba zai iya ba.

Bayan la'asar ya tarar da Hayatu a kan benci a ƙofar gida, ya zauna a gefe ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

"Giya?" in ji Hayatu.

"Giya ne."

"A firjin matana."

Hayatu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Da ka ce giya ne, za mu ce maka a'a, mu yi dariya, magana ya ƙare. Baba bai sani ba, Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Kai ne ka sani, Vandi." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Kada ya ji. Shekara tamanin da biyu bai taɓa ba, ba zan bari ya tafi da wannan a zuciyansa ba."

Ya shige gida ya ja ƙyaure.

Vandi bai kai ga shiga nasa gidan ba ya ji ana jan firji a kan siminti, sai ƙarar bokiti da soso. Can sai ga jan ruwa ya biyo kwatar da gidajen biyu suke amfani da ita. Zoɓon ranar ne gaba ɗaya, Na'imatu tana kwance murafe ɗaya bayan ɗaya tana tuttularwa, ba wanda ya ce mata dole. Ya tsaya yana kallo yana wucewa ta gaban ƙafarsa.

Daga ɗakin da ke jikin katanga muryar tsohon ta fito, a raunane amma sarai.

"Hayatu, ba muryan Vandi na ji a waje ba? Ka ce ya shigo mana, kwana biyu bai leƙo ni ba."