Wanda Zai Yi Wa Sa'id Wanka

Sa'id ya rasu ranar Talata da hantsi. Kafin azahar Baba Usaini ya hau bas daga unguwar Harlem zuwa gidan da ake shirya gawa, yana dogara sanda, da sabulu da kafur a aljihu.

Alkawari ne ya fito da shi. Sa'id mutumin Aljeriya ne, kafaɗa da kafaɗa suka tsufa shi da Usaini a sahun gaba na masallaci. Sa'id ya sha kama hannunsa ya ce, "In na riga ka, kai za ka yi mini wanka. Kada 'ya'yana su shiga."

A bakin ƙofa sai ga Abdul-Hanan, babban ɗan mamacin, ya tare hanya.

"Baba, yi haƙuri ka koma gida. Ubana yaƙin ƙwato ƙasa ya yi, kai kuwa sojan Faransa ne. Ni zan wanke abina."

Usaini bai musa ba. Yana saurayi aka kwashe su daga Damagaram, aka ba su kaki da takalmi mai cin ƙafa, aka zube su cikin duwatsun Aljeriya inda sanyi ke fasa leɓe. Sai da ya ji kiran salla daga ƙauyen da suka kewaye, sannan ya gane da wa ake yaƙin. Daga baya aka sa shi gadin fursunoni. Duk wanda aka fitar daga ɗakin tambaya ba rai, Usaini ake kira, don shi ya yi karatun allo. Da ruwan jarka yake wanke su. Ya ga abin da wayar lantarki da ƙarfe mai zafi ke yi wa jikin ɗan Adam. Sa'id ma ya shiga irin ɗakin nan, shi dai ya fito da ransa.

"Ɗana," in ji Usaini, "ka taɓa ganin ubanka ba riga?"

Abdul-Hanan ya yi tunani. Can ya ce a hankali, "Ko bakin teku ya kai mu, da riga mai dogon hannu yake zama. Muna yi masa dariya." Sai ya tambaya, "Me ke jikinsa?"

"Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Shi ya sa ya zaɓe ni."

Daga ciki Mutaru, ɗan Gana mai taya wankan gawa, ya leƙo. "Alhaji, ruwa fa na hucewa."

Abdul-Hanan ya dubi tsohon. Sannan ya matsa gefe, ya miƙa masa likkafani.

"Baba, ka bi shi a hankali."

"Ai na saba."

Usaini ya jingine sandar, ya naɗe hannun riga, ya ja ƙofar ya rufe.