Mota a Kan Bulo

Tun da injin tasinsa ya buga, Dogo bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Bakanike ya ce gyaran ya fi ƙarfin motar, gara a farke ta a sayar gunduwa-gunduwa. Dogo ya kwance ta a bakin get ɗin gidan da yake haya, daga ciki, ya ɗauki hotuna ya watsa a waya.

Wani ticha ne ya fara zuwa, ya kwashe tayoyin duka, motar ta hau bulo. Daga nan wannan ya ɗauki batir, wancan lagireto, wani ya cire sitiyari, wani tukunyar birki. Dogo na ta murna kasuwa ta buɗe.

Ran nan da hantsi Hajiya mai gidan ta leƙo.

"Dogo, tifar yashi za ta shigo da la'asar. In ta tarar da gawar nan a hanya, ka haɗa kayanka ku fita tare."

Ya shiga ɗaki, ya fito. Ya zagaya motar, ya sake zagayawa. Ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce sai jibi. Ya kira bakanike.

"Kai Dogo, wa ke fara sayar da taya? Ita ce ta ƙarshe! Ko kana so ta tashi sama?"

Dogo ya kashe wayar.

"Baban Auta, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa daga bakin famfo.

"Tura ta za mu yi."

"Da wace ƙafar?"

Rana ta karkata sai ga ticha ya dawo neman madubi. Dogo ya riƙe masa hannu kamar ya ga ɗan'uwa.

"Malam, madubi naka ne kyauta. Aron tayoyin nan kawai za ka ba ni, mu fitar da ita."

"Tawa motar kuma ta zauna a kan me?"

"Ga bulo."

Ticha ya dubi madubin, ya dubi agogo, ya ja tsaki, ya buɗe but ya ɗauko jak. Suka tuɓe motarsa a gefen titi, suka ɗaura wa ta Dogo. Gumi har cikin ido. Suna ɗaure noti na ƙarshe suka ji hon ɗin tifa a kan kwana.

"Uwar Auta, shiga ki riƙe sitiyari!"

Ta leƙa ciki, ta ɗago.

"Wanne?"

Dogo ya leƙa, ya tuna ya sayar. Tifa ta sake danna hon. Hajiya ta fito ta harɗe hannu a ƙirji.

"A tura haka nan," ya ce.

Suka sa kafaɗa. Motar ta yi ƙara, ta motsa, ta fice get. Ƙofar gidan gangare ce. Ta kuɓuce musu ta tsallaka titi ita kaɗai, Dogo na bin ta da gudu yana riƙe da bamba, har ta je ta dasa hanci a ƙofar shagon tela ta tsaya cak.

Tifa ta shige. Hajiya ta bi bayanta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗaki dai ya tsira.

Tela ya raɓo ta gefen motar da ƙyar, almakashi a hannu.

"Maƙwabci, wannan fa? Ta ina masu ɗinki za su shigo?"

"Yanzu-yanzu za a ɗauke ta, Oga."

A bayan Dogo ticha ya riga ya durƙusa da sifana yana kwance tayoyinsa. Dogo ya shafa aljihu yana neman waya, ya juya, ya sake juyawa.