Harsasan da Tsoho Gysbert Ya Bari

Tsoho Gysbert Maritz ko da ya zo mutuwa bai fasa halinsa na haɗa mutane faɗa ba. Bindigarsa ta harbin barewa ya bar wa autansa Tertius. Ɗakin haɗa harsashi kuwa, da injin matsewa da ma'aunin albarushi da akwatunan kwanson tagulla, ya bar wa 'yarsa Rensia. Duk wanda ya san gidan ya san an raba abin da ba ya rabuwa. Tun Rensia tana budurwa ita ke zama gefen uban tana haɗa wa bindigar nan harsashinta, Tertius kuwa iyakarsa ya ja kunama ya karɓi yabo.

Shingen waya ne kawai ya raba gonakinsu a busasshiyar ƙasar Karoo ta Afirka ta Kudu, amma tun ranar jana'iza ba su ƙara shan kofi tare ba. A coci ma kowa da ɓangaren da yake zama. Rensia ba ta ɓoye wa kowa ba, bindigar take so, kuma tana ganin ita ta cancanta.

Da tumakinta suka fara haihuwa, dila ya sa mata 'yan raguna a gaba. Wata safiya ta shiga ɗakin uban, ta sauko da akwati ɗaya daga harsasan da ya haɗa da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Bindigarta da ta uban harsashi lamba ɗaya suke ci. Ta zura harsashi, ta tura sakata, sai sakatar ta tsaya a hanya ta ƙi rufuwa. Ta gwada wani, haka. Mutum mai gaggawa da sai ya buga da tafin hannu, amma ita ba haka aka koya mata ba.

Ta kunna kyandir, ta ɗauko kwanson uban wanda babu komai a cikinsa ta shafe shi da baƙin hayaƙi, ta tura shi cikin bindigar a hankali ta zaro. Baƙin ya goge a kafaɗar kwanson. Ta duba harsasan da ta gwada ɗazu, ga zanen bututu nan ya ciji ƙwayar dalma ta kowane gefe. Nan ta gane, har ta ji haushin kanta da ba ta gane tun farko ba. Kwanso idan an harba shi yakan buɗe ya ɗauki siffar cikin bindigar da ta harba shi, uban kuwa wuyan kawai yake matsewa ya bar jikin yadda yake. Ga shi maƙogwaron tsohuwar bindigar ya cinye saboda shekaru, shi ya sa yake barin ƙwayar ta fito waje fiye da kima. Harsasan nan an ɗinka su ne wa bindiga ɗaya tak, kuma tana can ƙetaren waya.

Gyaran ba wuya. In ta zare ƙwayoyin, ta matse kwanson daga sama har ƙasa, kafin azahar sun shiga tata. Ta ɗora na farko a kan injin, ta kama hannun ƙarfen, sai ta kasa ja. Abin da ya rage na ubanta a duniya kenan da bai canza ba, ta ji kamar za ta goge shi da kanta. Ta mayar da akwatin, ta haɗa nata daban don dila.

Ana haka sai ga a-kori-kurar Tertius ta tayar da ƙura a tsakar gidanta. Bai kashe injin ba, bai kuma cire hula ba.

"Yaya, harsasan Baba na zo karɓa."

"Ina kwana, Auta. Ko gaisuwar ma an bar mini ita a gado?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Na sayo na kanti, bindigar tana watsa su ko'ina kamar an sheƙa wa kaji dawa. Ranar Asabar a filin gasa har tambayata aka yi ko ido na rufe."

"To ai ba laifin bindiga ba ne. A hannun Baba kan kwalba take tsinkewa daga can gindin dutse."

"Da harsashin da ke ɗakinki."

"Da harsashin da na haɗa," in ji ta. "Kawo ta nan. In kana son harbi ka zo ka ara, ba zan hana ka ba."

Tertius ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In ari kayana? Ke fa tun muna yara haka kike. Ki zauna kan abu kamar kaza mai kwanci, ba ki ci ba, ba ki bari an ci ba."

"Kai kuma tun muna yara sai an tauna an sa maka a baki."

"Ki ba ni ko kaɗan ne, in kai wa mai gyara ya auna ya yi mini irinsu."

"Ko fanko ba za ka samu ba."

Ya dube ta. "Shi kenan. Da an gama sausayar tumaki zan kai ta birni a cire bututun a sa sabo. Sai ki jiƙa harsasanki ki sha."

"Ba ka isa ba," ta ce, kuma har zuciyarta haka ta ɗauka. Ta san ƙanenta da cika baki. Yaron da ya yi kuka ranar da aka sayar da tsohuwar taraktar Baba, shi ne zai sa a taɓa bindigarsa? Ta juya ta shiga ɗaki tun bai gama juya mota ba.

Aka yi sausaya aka gama. Sanyi ya shigo, ruwan kwamin dabbobi ya fara daskarewa da safe, maƙwabta suka fara rataye naman barewa a rumfuna ana busar da biltong, irin kilishinsu na can. Rensia tana jin ƙarar harbi daga gonakin mutane, amma daga wajen Tertius shiru. Da farko shirun ya yi mata daɗi. Daga baya ya fara cin ta, domin tun da ta yi wayo ba a taɓa yin hunturun da bindigar nan ba ta yi magana ba. Ita ga harsashi ba bindiga, shi ga bindiga ba harsashi, tsohon kuma yana kwance abinsa a bayan coci.

Ba sulhu ta yi niyya ba, kada a yi mata ƙarya. Sharaɗi ta shirya: ta ba shi harsasan duka, ta ci gaba da haɗa masa wasu, shi kuma ya bar mata harbin farko na kowace shekara. Ta loda akwatunan a mota da hantsi, ta buɗe ƙofar wayar da ta daɗe ba ta taɓa ba.

Ta same shi a baranda yana tsoma busasshen burodi a kofi. Ya ga akwatunan, ya ga fuskarta, ya ajiye kofin.

"Ɗauko ta," in ji Rensia. "Kada ka ce komai, don in ka yi magana zan fasa."

"Yaya..."

"Na ce ɗauko ta."

Ya shiga ya fito da ita. Kotar nan ce dai ta katako, da gurbin da kuncin Baba ya goge har ya yi sheƙi. Rensia ta karɓa, ta juya bakin wajen fili, ta zura harsashi ɗaya ta tura sakata. Sakatar ta tsaya a hanya. Ta ja baya ta sake turawa a hankali, ta ƙi. Sai a lokacin ta kai idonta kan bututun, ta ga baƙinsa sabo fil, babu ko ƙwarzane.

"Yaushe?"

"Da aka gama sausaya. Na gaya miki."

"Ina tsohon bututun?"

"Mai gyara ya yanka shi gunduwa-gunduwa. Ya tambaye ni ko ina so, na ce me zan yi da shi." Ya kawar da kai. "Har ƙofarki na zo, Yaya. Kaɗan na roƙa."

Ta so ta zage shi, zagin ma yana bakinta, amma ta fasa. Ta zare harsashin ta riƙe.

"Yanzu tana harbi daidai," in ji Tertius, muryarsa ta sauka. "Ki matse su mana su shiga. Ai ke kin iya."

"In na matse su, na kowa ne. Ka sayi na kanti."

"To ki daina kallona kamar ni kaɗai na yi."

"Ban ce kai kaɗai ba ne," ta ce. "Kai ka yanka, ni na danne maka ƙafafunta."

Ta jingina bindigar da bango, ta sunkuya ta fara kwashe akwatunan. Suna da nauyi, sai da ta yi sawu ta dawo. Tertius yana tsaye yana kallo, bai miƙa hannu ba, ita ma ba ta nema ba.