Ranar da Dado Ta Dake Irina

Ni na fara ganin zuwansu, tun kafin farfe mai mulkin yankinmu ya sani, tun kafin rediyo ta faɗa. Shekara goma sha biyar ke nan da na tsaya a kasuwar Tanut ina kallon babura, na tambayi mai su ƙirar ina ce, ya ce Indiya. Na shiga shagon magani in sayo wa matata Dado na ciwon gwiwa, shi ma aka ce Indiya. Da na komo Tudun Aduwa na gaya wa majalisa cewa mutanen nan sun tashi, kuma wata rana za su zo har gindin aduwar nan suna neman abokan hulɗa. Tanko taubashina, wanda ya zo mana ziyara daga Tarka, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

To ga shi ranar Laraba da hantsi an ce motarsu ta baro Falanko, ni kuwa ina tsaye a tsakar ɗakina, na ɗaga kai ina kallon igiya tana lilo, babu komai a jikinta.

A wannan igiya nake rataye irina. Bari in faɗa wa wanda bai sani ba. A shekarar babban fari, wadda shanu suka ƙare, garin nan ya watse, kowa ya yi kudu. Ni ban tafi ba. Ni da Dado muka zauna muna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci kwana bakwai kafin ta ciwu. Ruwa uku aka yi a duk daminar, amma a ƙarshen gonata na tarar da wasu gajerun kara sun fitar da kai. Zangarniya goma sha ɗaya na yanka. Cikina yana kuka, ban ci ƙwaya ɗaya ba. Daga su na tayar da hatsin da ke nuna tun na mutane bai yi ciki ba. Da jama'a suka komo suka ga kansa gajere, suka sa masa suna wutsiyar ɓera. Ran nan na rantse wanda ya yi dariya ba zai shuka shi ba, kuma shekara arba'in ban ba kowa ko cikin tafi ba.

Bara ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, gonakin maza suka ƙone, tawa ta tsaya. Sabi'u malamin gona ya ɗauki hotonta da wayarsa ya aika Damagaram, daga can labari ya yi gaba. Shi ya zo ya gaya mini cewa ƙasar Indiya, wadda arzikinta ya bunƙasa, tana ƙulla zumunci da ƙasashe irin tamu, kuma masanansu na hatsi suna son musanya: su karɓi iri mai jure fari, su bar nasu a gwada, su kafa wa garin da ya ba su injin sussuka. Gari biyu ke cikin takardarsu, namu da Tarka, domin Tanko ma ya riƙa yaɗa cewa yana da wani iri. Inda suka samu, nan injin zai sauka.

Bana na yi shuka sau biyu, abin da ya rage mini rabin dami ne, zaɓaɓɓen kai, shi na ajiye wa baƙi. Shi ne babu.

Na fito tsakar gida. Dado tana zaune gaban ƙwarya uku, tana mulmula fura, turmi a kwance gefenta. Na ga totuwar zangarniya a ƙasa, gajeru, na gane su kamar yadda nake gane 'ya'yana.

“Dado, ina irina?”

“Ga shi nan, maigida,” ta ce, ta nuna ƙwarya da haɓa. “Ya yi daɗin daka.”

Na nemi wuri na zauna. Na tambaye ta ko ta san abin da ta aikata. Ta ce ta sani sarai. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an ba mutum iri bai ɗanɗana shi ba, kuma baƙin da suka ƙetare teku ba za a dama musu hatsin kasuwa a gidanta ba, a je ana faɗi a ƙasarsu. Na ce iri suka zo nema, ba fura ba. Ta ce in tashi in sa babbar riga, tawa ta yi datti.

Ni da ban yi kuka ba a shekarar anza, ranar nan sai da idona ya yi zafi.

Motar ta iso kafin azahar. Sabi'u ya fara fitowa, sai wakilin magajin gari, sai wata mace siririya mai furfura, da ɗigon ja a goshi da takalmin shiga gona. Sunanta yana da tsawo, Dokta muka riƙa ce mata. Na ƙarshen fitowa, yana gyara rawani, Tanko ne. Wai ya biyo su ya nuna musu hanyar Tarka, don kada su sha wahala in sun gama ɓata lokaci a nan.

Na sha ganin farar mota a rayuwata. Duk wadda ta zo, ba mu wani abu take zuwa yi: buhun masara, gidan sauro, allurar dabbobi. A jera mu, a kira suna, mu yi godiya. Wannan ce ta farko da ta zo roƙon abu a hannuna, kuma hannun nawa wayam.

Aka shimfiɗa tabarmi gindin aduwa. Dokta ta cire takalmi ba wanda ya gaya mata, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa. Ta yi magana, Sabi'u yana juya mana. Ta ce garinsu ma rairayi ne da raƙuma, kakarta a turmi ta tsufa, kuma su ma sun san shekarun da ake binne yara saboda yunwa. Ƙasarsu ta samu ƙarfi yanzu, tana ƙera abubuwa tana sayarwa duniya, amma ruwan sama bai san da haka ba, kullum raguwa yake. Shi ya sa suke zagayawa wurin 'yan'uwansu masu fari, a haɗa abin da kowa ya sani.

Na gyaɗa kai kamar mai natsuwa. Na fara ba ta labarin zangarniya goma sha ɗaya, na ja shi, na ƙara masa kura biyu da guguwa, ina neman lokaci. Tanko ya gane ni.

“Taubashi, labari mun ji. A fito da wutsiyar ɓeran mu gani, rana tana yi.”

Daidai nan Dado ta fito da ƙwarya a ka, mata biyu na biye da ita. Aka dama da nonon safe. Dokta ta karɓi ludayi ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Ta rufe ido. Sabi'u ya ce wai ta ce wannan zaƙin ba na sukari ba ne, na ƙwayar ne, kuma rabonta da jin irinsa tun tana yarinya. Ta shanye ludayi huɗu, ina ƙirgawa, kowane ludayi ina ganin kadada guda tana wucewa ta maƙogwaronta. Sannan ta goge baki ta ce in wannan ne hatsin, ba ta buƙatar zuwa ko'ina. A kawo irin.

Ban iya ƙarya a gaban baƙo ba. Na ce, “Dokta, irin shi ne kika shanye.”

Sabi'u ya ƙi juyawa sai da na maimaita. Tanko ya faɗi a kan tabarma yana riƙe ciki. Wakilin magajin gari ya dubi agogonsa ya ce to sai a kama hanyar Tarka. Dokta ta ce ba za ta iya jiran kaka ba, jirginta jibi ne, kuma takardar ba ta yarda a sa hannu sai da iri a hannu. Ta faɗe shi da taushi, amma ta fara neman takalminta.

Dado ta miƙe. Ta ɗauki taɓarya ta buga gindin turmi sau uku, irin bugun da mata ke kiran juna da shi ranar suna.

Sai ga su suna fitowa. Hafsatu matar liman da ƙulli a bakin zane. Yagana mai ƙosai da gwangwanin madara. Wata da ɗan gora mai toshe da tsumma, wata da tsohuwar safa. Har Radiya, wadda aka kai Falanko aure ta zo ganin gida, ta kwance ƙulli daga ƙasan jakarta. Ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a faifai gaban Dokta, har ya yi tozo. Na ɗebo na duba a tafin hannuna. Ƙanana, masu ruwan toka, da ɗan baƙi a hanci. Nawa ne.

“Wa ya ba ku?” na tambaya.

Hafsatu ta ce, “Baba, wa kuwa? Duk amaryar da ta fita daga garin nan ko ta shigo, Inna Dado tana ƙulla mata cikin tafi ɗaya a kayan ɗaki. A gayaunarmu muke shuka shi. Kuma ba macen da ke shuka nata duka, sai ta rage na ko-ta-kwana.”

Na juya wurin Dado. Ta ce ni na yi rantsuwa, ita ba ta yi ba. Kuma na ce wanda ya yi dariya, ita kuwa ba ta ga mace ko ɗaya ta yi dariya ba a shekarar. Gayaunar mata ba wurin da namiji mai girma irina ke leƙawa ba ne, shi ya sa abin ya wuce ni.

Tanko ya tashi zaune ya ce duk da haka a je a ga nasa, na Tarka ya fi. Dado ta dube shi.

“Tanko, Raishatu matarka 'yar wace ce?”

Raishatu 'yar ƙanwar Dado ce, daga gidana aka ɗauke ta. Ashe irin da Tanko ke taƙama da shi nawa ne. Wannan karon rawanina ne ya kwance don dariya.

Dokta ta auna abin da take so a 'yan jakunkuna, ta mayar wa kowace mace sauran nata, ta ƙara mata da ƙullin irin ƙasarsu. Aka sa hannu, ni na dangwala babban yatsa. Sannan ta buɗe littafi ta tambayi sunan hatsin, don da shi za a san shi a can. Na gyara murya zan ce Ɗan Idrisa, wato da sunana, sunan da na daɗe da raɗa masa a zuciyata. Kafin in buɗe baki mata suka amsa baki ɗaya, kamar masu amshi: Ɗan Dado. Ashe haka suke kiransa shekara arba'in, daga nan har Tarka.

Dokta ta ɗaga alƙalami tana dubana. Na dubi tsohuwar nan, tana tattara ludayi kamar ba da ita ake ba. Na tuna lokacin da na yanko zangarniyar nan, ita ta ɗaure su a ƙugunta ƙarƙashin zane wata biyar, kuma ba don ɓarawo ba, don ni, kada yunwa ta sa in cinye su.

Na ce, “Rubuta yadda suka faɗa.”

Injin ya iso bayan kaka, yana nan bayan masallaci yana ruri, mata sun huta da sussuka. Sabi'u ya nuna mini hoto a waya: gona a Indiya, gajerun kara, da allo an rubuta sunan matata da baƙaƙensu. Tanko yana yawo yana cewa an kayar da ni a gidana. Ku tambaye shi: duk ƙasar Damargu, wa ya hango Dado tun tana tallan nono, ya ce wannan ce, ya kai shanu biyu? Ni na fara ganinta, kamar yadda na fara ganin zuwan baƙin. Wanda ke musu ya hau mota ya zo Tudun Aduwa, ya ɗauki ludayi. In ya iya tsayawa a na uku, na yarda ƙarya nake.