Amsar da Ba Tawa Ba

"Matso da littafin, tela, idona ba ya kaiwa can," in ji Malam.

Na matsa. Yana kwance, an tokare masa baya da matashi biyu, kwalaben magani jere a bakin taga. Sai da ya ɗauki fensir na tuna ban ma tambaye shi jiki ba.

Malam maƙwabcina ne, tsohon malamin sakandare. Shekara biyu, duk aikin gida da aka ba 'yata Auta, lissafi ne, kimiyya ce ko Turanci, sai in ce, "Ajiye, in na gama ɗinkin nan zan duba." Tana juya baya in zagaya wurin Malam. Ya warware, ya koya mini yadda zan yi bayani, in koma gida ina baza ilimi, ni da na tsaya a aji biyu. Har gaya wa ƙawayenta take yi babanta ya fi malaminsu.

"Ka turo mini ita mana," yakan ce.

"Kunya gare ta, Malam."

Ƙarya ce. Tsoron tonon asiri nake yi.

Ranar nan tambaya ɗaya ta ci masa rabin awa. Ya rubuta, ya goge, ya tsaya yana haki. Matarsa ta leƙo.

"Haba maƙwabci, mutumin da ko ruwa ba ya iya haɗiyewa?"

"Ƙyale shi," ya ce. "Yarinyar na da jarrabawa." Ya miƙo mini littafin. "Ka ce mata ta daina tsoron alamar ragewa. Nan kaɗai take tuntuɓe. Kanta yana ja, tela, ya fi nawa."

Na karɓa na fito, ina maimaita bayanin a hanya kada ya zube.

Kwana biyu bayan haka, ina tsakiyar yanka yadi da hantsi, na ji kukan rasuwa daga gidan Malam.

Da aka kwana bakwai, Auta ta shigo shago da littafinta.

"Baba, in ka gama ka duba mini ta huɗu."

Na kalli shafin. Layuka ne da lambobi, ba abin da suka ce mini.

"Ban iya ba, Auta. Ban taɓa iyawa ba. Malam ne yake yi."

"Wane Malam?"

Na nuna katanga da haɓa.

"Duka?"

"Duka. Ya sha cewa in turo ki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta rufe littafin a hankali, ta gyara mayafinta ta fita.

Daga kan keken ɗinki ina hango ƙofar gidan Malam. Ta daɗe tsaye kafin ta yi sallama. Har rana ta karkata takalmanta suna nan a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya.