Layin Alli a Matakala ta Bakwai

"Uwar Biyu, miƙo min allin nan naki."

Uwar Biyu ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta leƙo. Baba Sikeli ne tsaye a bakin ƙofarta, hannu ɗaya a ƙarfen dafawa, ɗayan riƙe da ƙaton ambulan na asibiti, yana haki yana ƙoƙarin ɓoyewa.

"Alli kuma, Baba? Ɗinki za ka koya da tsufanka?"

"Ke dai miƙo, 'yar sa ido. Awo zan yi."

Sunan da ya laƙaba mata ke nan, kuma bai yi mata ƙarya ba. Benen nasu hawa uku ne, matakala talatin da shida daga ƙofar titi zuwa ɗakin Baba a can ƙololuwa. Ƙofarta ita a ta goma sha biyu take, a nan ta kafa kekenta saboda hasken tagar, don haka ko kyanwa ba ta wucewa ba ta sani ba.

Ya zauna a kujerar masu kawo ɗinki, ya zaro takardu uku ya jera su a kan yadin da take shirin yankawa.

"Duba min abin kunya. Hoton zuciya na farko ya ce bawul ɗina ya tsuke ƙwarai, sai an yi aiki. Na biyu ya ce a'a, da sauran hanya, a jira. Na yau kuma ya tsaya a tsakiya yana raba ido. Zuciya ɗaya fa, ta mutum ɗaya!"

Uwar Biyu ta san zancen bawul ɗin. Auta, 'yar Baba, ta taɓa yi mata bayani cewa wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciya da jini ke bi ya fita, ta Baba kuwa ta ƙanƙance.

"Ita likitar me ta ce?"

"Wai ya danganta da yadda aka ɗora na'urar a ƙirji, da yadda zuciyar ta tashi ranar. Wai in na fara haki ko jiri in faɗa, shi zai raba gardama."

"To ai ga haki nan kana yi."

"Wannan? Zafin rana ne."

Shekara arba'in da 'yan kai Baba ya yi yana gyaran sikeli, har sana'ar ta cinye sunansa. Mahauta, masu kanti, masu sayar da hatsi, duk wanda abin awonsa ya karkace wajensa yake nufa. Har yau a layin ana ba da labarin ranar da wani mahauci ya raɗa masa cewa ya ɗan sassauta masa allurar sikeli. Baba ya ɗauki sikelin ya ajiye a tsakiyar titi, ya dawo ya ci gaba da aikinsa. Mutum irin wannan a kawo masa awo uku na abu ɗaya, ai an taɓa shi inda yake masa ciwo.

"In sikeli biyu suka saɓa," ya ce, yana mayar da takardun, "ba na uku ake nema ba. Nauyin da ka sani kake ɗorawa. Kin san kilon nan nawa na tagulla da ke cikin akwati? To benen nan ma haka yake. Shekara ashirin ina hawansa, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Kullum da safe in na sayo burodi zan hau da tafiya iri ɗaya. Inda numfashi ya tsayar da ni, nan zan ja layi."

Ya karɓi allin, shuɗi ne mai faɗi, ya jefa a aljihu.

Haka aka fara. Layin farko a matakala ta ashirin da takwas. Ashirin da bakwai. Ashirin da shida kwana uku a jere. Kowane layi miƙaƙƙe kamar da rula aka ja, da kwanan wata a gefe da ƙananan lambobi masu tsabta. Uwar Biyu har jan masu kawo ɗinki take yi zuwa sama tana nuna musu.

"Kun ga maƙwabcina? Na'urorin asibiti sun rikice, shi ya kafa nasa awon. Wallahi irin su Baba sun yi ƙaranci."

Amma tela da kunne yake aiki kamar yadda yake yi da ido. Wadda ta san ƙarar kekenta in zare zai tsinke ba za ta kasa sanin takun silifas ɗin maƙwabci ba. A mako na huɗu ta lura da wani abu. Baba zai wuce ƙofarta ya gaishe ta, ya sha kwanar bene, taku uku, sai shiru. Shiru mai tsawo, wanda za ta zare allura ta sake sa zare sau biyu bai ƙare ba. Daga nan takun ya ci gaba a hankali, sai can sama ta ji ƙarar alli a bango. In ta hau ta duba, ashirin da biyar.

Kwana goma sha biyu tana jin wannan shirun, ta ja bakinta ta tsuke. Ita wace ce da za ta ƙaryata dattijon da ya girme ta da shekara ashirin?

Ranar da suka koma asibiti Auta ta dawo tana washe baki.

"Anti, albishirinki! Baba ya kwafe layukansa a takarda ya nuna wa likita. Ta ce tunda yana hawa ashirin da biyar ba hutu, hoto na biyu ne ya fi kusa da gaskiya. An ɗage maganar aiki, sai bayan wata shida a sake dubawa."

Wata shida! Uwar Biyu ta ce "Madalla" da baki kawai, ta kasa haɗa ido da yarinyar.

Washegari da Baba ya sha kwana ta cire takalmanta ta bi shi. Ta same shi a matakala ta goma sha biyar, goshinsa jingine da bango, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ledar burodi a hannunsa. Allin yana aljihu.

"Baba, a nan layin yau yake."

Ya ɗago a firgice. "Takalmina nake gyarawa."

"Jiya ma takalmi? Shekaranjiya ma?" Tunda ta riga ta fara, sai ta ci gaba. "Kwana goma sha biyu ina jin ka. Kai da ka ajiye sikelin mahauci a titi, yau kai ne ka danna yatsa a kan naka? Ita likitar ta yarda da awonka ne saboda kai ka kawo shi. Haba Baba!"

Fuskarsa ta yi tauri.

"Ɗinkin naki ya ƙare ne?"

Ya juya ya hau. Kwana uku yana wuce ƙofarta ko kallo ba ta ishe shi ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ɗinka hannun wata riga a baibai, ta farke, ta sake yin kuskuren, ta kifa kai a kan keke ta yi kukanta.

A rana ta huɗu ya tsaya a ƙofarta da jiƙaƙƙen tsumma a hannu.

"Taso ki riƙe min burodin nan."

Ta bi shi. Suka hau a hankali, yana hutawa a fili ba ɓoye-ɓoye. A sama ya sa tsumma ya fara goge layukan ɗaya bayan ɗaya, ya bar na makonni ukun farko kawai.

"Waɗannan na gaskiya ne," ya ce. "Sauran ni na danna." Ya matse tsumman, bai dube ta ba. "Tsoro nake ji, Uwar Biyu. Shekara arba'in ni ke buɗe cikin kayan mutane in gyara. Yanzu a ce ni za a shimfiɗe a tebur a buɗe, ban san inda kaina yake ba."

"Kowa ma zai ji tsoro, Baba."

"Tsoro daban, awon ƙarya daban. Daga gobe ki riƙa bina a baya. Awon da babu shaida ba awo ba ne."

Mako guda tana binsa. Goma sha huɗu. Goma sha huɗu. Goma sha uku. Goma sha biyu, daidai ƙofarta, har ya ce ai ga shi ya zo mata da layi har gida. Goma sha ɗaya. Duk inda numfashi ya tare shi nan yake tsayawa, ya ja layinsa, ya rubuta kwanan wata, ya miƙa mata allin ta sa ɗan ɗigo a gefe.

Su uku suka koma asibiti. Baba ya sa rigarsa mai kyau, wadda Uwar Biyu ta rage masa saboda ramar da ya yi. Likitar ba ta gama gaisuwa ba ya shimfiɗa sabuwar takarda a teburinta.

"Likita, waccan takardar da na kawo miki awon ƙarya ce. Ba laifin na'urarku ba ne, ni na yi. Ga na gaskiya, ga kuma shaidata." Ya nuna Uwar Biyu da haɓa.

Auta ta rufe baki da hannu. Likitar ta bi lambobin da biro daga sama zuwa ƙasa, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, mutane da yawa suna ɓoye min. Ba kasafai wani ke dawowa ya ce ya ɓoye ba. Wannan takardar ta fi min hotunan nan uku amfani."

Uwar Biyu ta gyara zama a kujerar roba, ta ji kanta ya yi girma kamar mahaifinta aka yaba.

Aka sa ranar aiki, kwana goma sha tara masu zuwa. Aka ƙara masa magani, aka hana shi hawa talatin da shida. Direban da ke ɗakin da ke kallon na Uwar Biyu ya ce ba wata matsala, suka yi musanyar ɗaki da Baba a yini ɗaya. Burodi ne kawai ya ƙi bari a sayo masa. Likita ta ce ya riƙa ɗan takawa, shi kuwa ya riƙe wannan maganar gam.

"Sai in ci gaba da binka?" in ji Uwar Biyu.

"Zauna ki yi ɗinkinki. Kunnen nan naki ya ishe ni shaida."

Saura kwana shida, da hantsi, tana yanka wuyan wata riga ta ji ƙofar titi ta buɗe. Ta tsayar da almakashi tana ƙirgawa, kamar yadda ta saba. Ɗaya, biyu, uku. Takun ya fi na jiya nauyi. Shida. Bakwai. Shiru. Nan take, ba jinkiri, ta ji ƙarar alli a bango, dogon layi sannan 'yan ƙananan lambobi. Ta yi murmushi ta ci gaba da yanka.

Ta gama wuyan. Ta sa zare a allura. Takun bai ci gaba ba.

"Baba?"

Ta sauka da almakashin a hannu. Yana zaune a matakala ta bakwai, bayansa jingine da bango, burodin a cinyarsa, hularsa daidai a kansa. Ya ajiye guntun allin a gefensa. Ta kira shi sau uku, ta taɓa wuyansa, ta kama hannunsa da ke da sauran ɗumi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ihun da ta yi ya sauko da direban a guje. Aka sa shi a mota, amma tun kafin su isa kowa ya san abin da ya faru.

Bayan an watse daga zaman makoki Auta ta shigo mata da ɗan akwatin katako. A ciki kilon tagullar ne, naɗe a ƙyalle.

"Ya ce in wani abu ya faru ke zan ba."

Uwar Biyu ta riƙe shi da hannu biyu, hawaye suka zubo. "Kwana goma sha biyu na yi shiru, Auta. Da na yi magana tun ranar farko, da an yi aikin."

"Mu da ya haifa ba mu iya faɗa masa ba, Anti. Ke kika faɗa." Auta ta share ido. "Kin san saura matakala biyar ya kai ƙofarki? Da ya daure ya ƙarasa."

"Ba zai ƙarasa ba," in ji Uwar Biyu, ta ɗaga kai. "A bakwai numfashin ya tsaya, a bakwai zai ja."

Da yamma ta ɗauki guntun allin ta sauka, ta sa ɗan ɗigonta a gefen kwanan watan.

Yanzu kilon yana kan teburinta, da shi take danne yadi in za ta yi yanka. Benen kuwa ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe. Duk sanda za ta hau ko za ta sauka, in ta zo matakala ta bakwai, sai ta tattare gefen mayafinta kada ya shafi bango.